Hantar da Zipora Ba Ta Bayar Ba

Duk wanda ya san cocin da ke bayan layin dogo a Kafanchan ya san muryar Zipora. Ita ce ke ɗaga waƙa a Zumuntar Mata, kuma in ta ɗaga, har tsofaffin da ciwon gwiwa ya hana miƙewa sai sun rausaya kafaɗa daga zaune. Malamar firamare ce, 'yar Fadan Kagoma. Mijinta Bartholomew, wanda kowa ke kira Batho, mutumin Zangon Kataf ne, ma'aikaci a sashen gona na ƙaramar hukuma, manomin citta a ranakun Asabar. Ba ya jin yarenta, ita ma ba ta jin nasa, saboda haka da Hausa suka yi neman aure, da ita suke faɗa, da ita suke shiryawa.

Sun daɗe da aure babu haihuwa. Babu irin addu'ar da ba a yi musu ba, babu irin maganar da ba ta dawo kunnen Zipora ba. Ranar da Allah ya ba su 'ya mace, Batho ya tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa yana kuka kamar an yi masa rasuwa, ya ce sunanta Peculiar, domin ba kamar sauran yara ta zo ba, sai da aka roƙa.

Yarinya ba ta daɗe a duniya ba idanunta suka yi rawaya. Uwar Batho, Mama Milka, wadda ta zo daga ƙauye don wankan jego, ta ce shawara ce irin ta jarirai, a riƙa fitar da ita hantsi, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Fitsarinta ya yi duhu, kashinta ya koma fari kamar kamu, cikinta ya fara tasowa. Aka yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan har aka dangana da Jos, inda wata likitar yara, Dokta Irene, ta zaunar da su ta faɗa musu gaskiya. Hanyoyin da ruwan ɗaci ke bi ya fita daga hanta a toshe suke, da haka aka haife ta. An yi wata tiyata don a buɗe hanya, ta ɗan taimaka na wasu watanni, sannan rawayar ta dawo fiye da da. Dokta Irene ta ce abin da ya rage shi ne dashe. A yanki wani ɓangare na hantar babban mutum a sa wa yarinya, ta babban ta sake tofowa. Ta ce waje za su je, ta kuma rubuta wa wani asibiti a Indiya.

Kafanchan ta tashi musu tsaye. Coci ta yi baiko na musamman don tara musu kuɗi, ƙungiyar malamai ta taimaka, 'yan'uwa na Abuja da Kaduna suka turo abin da suke iya, Batho ya sayar da filinsa na hanyar Kagoro. Ranar Lahadin da aka yi musu addu'ar tafiya, fasto ya miƙa wa Zipora abin magana. Ta ɗaga Peculiar sama yadda kowa zai ga idanunta, ta ce:

"Ko hantata gaba ɗaya suke so, su cire su ba ta. Ni na riga na ci duniya."

Mata suka rangaɗa guɗa. Mama Milka ta share hawaye da bakin zani. Kuma Zipora ba burga take yi ba a lokacin, abin da ke cikinta ke nan.

A Indiya aka gwada su biyun. Jininsu duka ya yi daidai da na yarinya, hantarsu duka lafiya lau. Babban likitan tiyatar, wani dattijo mai farin gashin baki da magana a hankali, ya kira su ofis ya ce kowannensu zai iya bayarwa, amma in zaɓi ya rage gare shi, ta uwa zai ɗauka.

Batho ya tambayi dalili, don shi ya zo ne da shirin a yanka shi.

Dattijon ya ce, "Jikin mutum yana da sojoji masu yaƙar duk abin da ba su sani ba. Sabuwar hanta baƙuwa ce a wurinsu, shi ya sa wani lokaci jiki kan ƙi dashe. Amma lokacin da ɗa ke ciki, wasu ƙwayoyin jikin uwa sukan tsallaka su shiga jikinsa, su zauna, har bayan haihuwa da shekaru. Yanzu haka akwai ɗan abin matarka a jikin 'yarka. A yara masu irin wannan ciwo, an yi binciken da ya nuna jikinsu ya fi saurin karɓar hantar uwa, kamar dai sojojin sun riga sun saba da ita. Ba alkawari ba ne. Amma muna dubawa."

Batho ya juyo ya kalli matarsa da wani irin kallo da ba ta taɓa gani ba tun ranar aurensu. Suna fita ya buga waya gida. Zipora na jin muryar Mama Milka ta cikin wayar tana cewa da Hausarta ta ƙauye, "Ka gani ko? Uwa uwa ne." Kafin la'asar, saƙonni suka cika wayarta daga matan Zumunta, wannan da ayar Littafi, waccan da waƙa.

Washegari da hantsi ne abin ya same ta. Ta fito neman ruwan zafi don madarar Peculiar, ta ɓata hanya, ta faɗa sashen da ake kwantar da waɗanda suka ba da hanta. Ma'aikatan jinya biyu na riƙe da wata mata, suna koya mata tafiya. Matar ba ta wuce sa'arta ba. Ta duƙe kamar tsohuwa, roba ta fito daga gefen cikinta zuwa wata leda mai ruwa kore-kore, fuskarta ta yi toka, kowane taku sai ta yi wani nishi da ba ya kama da na mutum. Suka haɗa ido. Matar ta yi ƙoƙarin murmushi, bai yiwu ba.

Zipora ta koma ɗaki ba ruwan zafi. Sai maganar da dattijon ya faɗa a ƙarshen bayaninsa, wadda jiya ta wuce ta gefen kunnenta, ta dawo ta zauna mata a ƙirji: cewa aikin babba ne, kuma ko da yake ba kasafai ba, akan sami mai bayarwa da ba ya tashi.

Ta yi addu'a. Ta yi waƙa a hankali. Ta tsaya a kan gadon Peculiar ta kalli cikin nan da ya kumbura, jijiyoyi kwance a kansa, ta ce wa kanta, dubi abin da yarinya ke ɗauka, ke babba ce. Duk a banza. In ta rufe ido sai ta ga kanta a kan tebur an buɗe ta. Ta nemi dalili mai kyau da za ta rataya tsoron a kansa, ta ce ai in ta mutu wa zai riƙe yarinyar. Amma ta san ba shi ba ne. Ba ta son mutuwa ne kawai, ba ta kuma son wuƙa. Iyakar abin ke nan.

Asibitin na da ƙa'ida: kafin aiki, wata likita dabam, wadda ba ta cikin masu tiyatar, takan gana da mai bayarwa shi kaɗai, a rufe ƙofa. Mata ce mai ƙiba, da tabarau rataye a wuya. Ta yi tambayoyi na yau da kullum, sannan ta ajiye alƙalami ta ce:

"Ke kike so, ko so ake ki so?"

Zipora ta buɗe baki za ta ce ita take so. Kuka ne ya fito. Ta yi shi har ta sauka daga kujera ta durƙusa a ƙasa, tana cewa ba za ta iya ba, a yafe mata, ba za ta iya ba.

Likitar ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai ƙona Zipora. Ta miƙa mata ruwa ta ce ba ita ce ta farko ba. Ta ce ba sa yanka mutumin da bai yarda ba, kuma ba sa tona abin da aka faɗa a ɗakin nan. Abin da za su gaya wa miji shi ne, bayan nazari, ba ta dace da bayarwa ba. Ba za su ƙara ko kalma ba.

"Ki je ki yi tunani. In kin canja ra'ayi, ƙofa a buɗe take."

Ta yi tunanin. Ba ta koma ba.

Da aka gaya wa Batho, bai tambayi komai ba a gaban likitoci. Suna kaɗaita ya kama hannayenta biyu ya ce, "Maman Peculiar, kada ki sa a ranki. Na san yadda kika so. Allah ya ga zuciyarki." Ta sa kai a ƙirjinsa tana kuka, shi kuwa yana shafa bayanta, yana tsammanin baƙin cikin an hana ta ne. Ta bar shi a haka.

Aka yi aikin. Aka fito da Peculiar da rai, aka fito da Batho da rai. Ta gan shi ranar da aka fara tayar da shi tsaye, a duƙe, da roba a gefen ciki, da fuskar toka. Namiji mai ɗaukar buhun citta shi kaɗai, ga shi yana neman a riƙe masa kofi. Ya ganta ya ce da ƙyar, "Yaya idonta?" Ta ce ya fara fari. Ya rufe ido ya yi murmushi.

Idon ya yi fari kuwa. A karon farko tun haihuwa Peculiar ta ci abinci har ta nemi ƙari. Sai a mako na uku jikinta ya yi zafi, ta ƙi nono, ta ƙi wasa. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba, aka tsakuro ɗan ƙanƙanin nama daga hantar da allura. Dattijon ya zo da kansa ya ce jikin yarinya ya fara yaƙar dashen.

Batho na kan kujerar guragu a lokacin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe tawa ba ta yi mata ba." Kamar shi ne ya yi laifi. Zipora ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta bi dattijon zuwa baranda, ta tare shi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Dokta, da tawa ce aka sa, da hakan ya faru?"

Ya daɗe yana kallonta. Bai san abin da aka faɗa a ɗakin da aka rufe ba, ko kuwa ya sani ya ɓoye, ba ta iya ganewa ba.

"Ban sani ba," in ji shi. "Mai yiwuwa da bai faru ba. Mai yiwuwa da ya faru. Na ga yaran da suka ƙi hantar uwarsu, na ga waɗanda suka girma da ta ubansu lafiya ƙalau. Wannan da muke gani yana faruwa da yara da yawa, kuma yawanci yana jin magani."

Da ya ce mata laifinta ne, da ta san abin da za ta ɗauka. Da ya ce ba ruwanta, da ta yi ƙoƙarin yarda. Wannan "mai yiwuwa" ita ce ta hana ta sakat. Aka ɗura wa Peculiar magani mai ƙarfi ta jijiya, fuskarta ta kumbura, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Zipora ke riƙe ƙafafunta in za a huda ta, tana kawar da kai, ba don jinin ba, don kada yarinyar ta kalle ta.

Maganin ya yi aiki. Hantar ta lafa, ta zauna. Bayan wasu watanni suka dawo gida, damina ta kankama, duwatsun Kagoro sun yi kore shar.

A Kafanchan ne kunyar ta sami wurin yin girma. Duk wanda ya zo barka sai ya gaida Batho da jiki, sannan ya juyo gare ta da tausayi. Gonar citta ta cika da ciyawa domin an hana Batho aikin ƙarfi, sai ƙannensa suka zo daga Zangon Kataf suka yi noman. Mama Milka ta tare a gidan, tana dafa wa ɗanta fate, tana kuma zuba wa Zipora fiye da kowa.

"Ci, 'yata," takan ce da Hausarta ta ƙauye. "Hanta naki ma yana son gyara. Ba su ce bai yi kyau ba?"

Nan maganar ta fara juyawa. In likitocin Indiya sun ƙi hantar mutum, ai akwai abin da suka gani. Wata ta ce ciwon hanta ne irin wanda ake ɗauka. Wata ta ce abin ya fi haka, ta rage murya. A makaranta Zipora ta lura wata malama ta daina shan ruwa da kofin ofis in ita ta sha. A Zumunta aka ce ta huta da ɗaga waƙa tukuna, kada ta wahalar da jikinta. Ta karɓi duk wannan. Har wani sanyi take ji a ciki, kamar wanda ake hukuntawa kan laifin da bai yi ba a madadin laifin da ya yi.

Batho ne bai iya ɗauka ba. Ya kusa dambe da wani ɗan'uwansa a kasuwa kan maganar, har ɗinkinsa ya yi masa ciwo kwana da kwanaki. Kuma ya fara kallonta. In ta yi hamma sai ya tambaya ko ta gaji. In ta bar abinci sai ya ajiye nasa cokalin. Wata safiya ta farka ta same shi a tsaye a kanta, ya ja labule, yana duba farin idonta a hasken rana.

Ranar da za su kai Peculiar Jos don gwajin jini, ya sa rigarsa mai kyau. Dokta Irene ta duba yarinya, ta yaba nauyinta, ta ce hantar na aiki yadda ake so. Zipora ta fara naɗe zanin goyo, sai Batho ya gyara murya.

"Dokta, akwai wata magana. Can sun ce hantar maman ba ta dace ba, ba su faɗi dalili ba. Ni kuma a lokacin hankalina na kan yarinya, ban matsa ba. Tun da muka dawo ba na samun sukuni. Ina roƙo a duba min ita sosai. Ko mene ne, a gaya mana, mu fara magani da wuri. Ba zan iya ceto ɗaya in rasa ɗaya ba."

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Dokta Irene ta kalli Zipora, ta ce ba matsala, ta nuna musu ɗakin ɗibar jini a ƙarshen baranda.

Sun kai rabin barandar Zipora ta tsaya. Ta ce su fita waje tukuna. Akwai wani benci a ƙarƙashin bishiyar mangwaro kusa da inda ake ajiye motoci, mata na sayar da ayaba da gyaɗa a gefe. Ta zauna, Peculiar na barci a bayanta. Ba ta iya kallonsa ba, sai takalmansa.

"Baban Peculiar, lafiyata ƙalau. Babu abin da suka gani."

"To me ya sa..."

"Ni na ce ba zan iya ba. Tsoro na ji. Na roƙe su, suka rufa min asiri."

Wata mai ayaba ta matso da tire, ta ga fuskokinsu, ta koma.

"Tun kafin a yanka ni?" ya ce.

"Tun kafin."

"Ranar da na riƙe hannunki ina ba ki haƙuri?"

Ta gyaɗa kai.

"Da yarinya ta ƙi tawa, ina zaune ina cewa ni ne ban yi mata ba, kina tsaye a wurin."

"Ina tsaye."

Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a kan cikinsa, yadda ya saba tun bayan aikin. Ta jira ya zage ta, ta ma so ya yi. Ya tafi har bakin ƙofar asibitin, ya tsaya yana kallon titi, ya dawo.

"Zipora," ya ce, kuma rabon da ya kira sunanta haka tun kafin haihuwa, "da kin ce min kina tsoro, da na ce kawo wuƙar nan. Ni dama da shirina na je. Tsoro ba komai ba ne, ni ma na ji shi, har fitsari na yi ta yi a ranar. Amma watannin nan duka ina kwana ina tashi da tunanin za ki mutu ki bar ni. Na yi azumi a kanki. Na kusa fasa wa ɗan'uwana baki. Kina gani, kika bar ni."

Suka shiga motar Kafanchan, shi a gaba kusa da direba, ita a baya da yarinya. Har suka sauko daga tudun Jos, suka wuce Gidan Waya, bai waiwayo ba.

Bai kore ta ba, bai kai ƙara wurin fasto ba, bai gaya wa kowa ba. Yana cin abincinta, yana amsa gaisuwarta, yana ba Peculiar magani in ita tana makaranta. Amma hira ta mutu a gidan. Mama Milka ta lura, ta yi ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Ita Zipora ce ta je ta same ta, wata ranar Asabar da rana, tsohuwar na zaune a bayan gida tana tsinke ganyen rama. Ta durƙusa kamar sabuwar amarya ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Mama Milka ba ta daina tsinkar ramar ba sai da ta gama.

"Kin sa aka yanka min yaro," ta ce.

"E, Mama."

"Kin tsaya a coci kin ce a cire duka."

"E, Mama."

Tsohuwar ta yi tsaki mai tsawo, ta zuba ramar a kwano. Ta ce ita ba ta san Indiya ba, ba ta san abin da za ta yi ba in ita aka nuna wa wuƙa, saboda haka ba za ta yi ƙarya ta ce da ta iya ba. Amma ta ce abin da ya fi ba ta haushi shi ne naman da take ta tura mata a kwano tana hana kanta. Kwana biyu ba ta yi wa Zipora magana ba. A na uku ta ce mata ta zo ta kama mata tukunya, daga nan aka ci gaba da zama, ko da yake ba ta ƙara ce mata "'yata" ba sai da aka daɗe.

Saura coci. An sa ranar godiya, kuma shugabar Zumunta ta aiko cewa ana so Zipora ta ba da shaida. Batho ya ce mata, a maganarsa mafi tsawo tun Jos, ba dole ba ne ta faɗi komai, shi zai tashi ya yi godiyar, wanda ke son yin tsegumi ya yi. Ta yarda da hakan, ta ji sauƙi, sannan ta ji kunyar sauƙin da ta ji.

Ran Lahadi Batho ya tashi ya yi godiya gajere. Aka kira su gaba, aka ɗora wa Peculiar hannu. Fasto na shirin cewa su koma, sai Zipora ta miƙa hannu ta karɓi abin maganar. Wadda muryarta ke cika cocin nan ba tare da na'ura ba, ranar sai da na baya suka ce a ƙara sauti.

"Ba ni da ciwon komai," ta ce. "Likitoci ba su hana ni ba. Ni na ji tsoro na janye, maigidana ya shiga a madadina. Abin da na faɗa a nan kafin mu tafi, ban cika ba. Shi ke nan."

Babu guɗa, babu amin. Wani jariri ya yi kuka a baya. Fasto ya ɗaga waƙar da kowa ya sani, jama'a suka kama da sauri don su rufe shirun. Ta koma wurin zamanta tana jin idanu a bayan wuyanta. Bayan an tashi, wasu matan suka wuce ta kamar ba su gan ta ba. Wata tsohuwa da ba su taɓa doguwar magana ba ta matse mata hannu ta wuce. Malamar nan ta makaranta ta koma shan ruwa da kofin ofis, amma ta sami sabon abin faɗa. Ba a sake kiran Zipora ta ɗaga waƙa ba a shekarar, ita ma ba ta nema ba. A sahun baya take zama, tana amshi.

Peculiar ta ci gaba da girma. Magani safe da yamma, ba a tsallakewa, ba a jinkirtawa, ruwan sha sai an tafasa, mai mura ba ya ɗaukarta. Duk lokacin da jikinta ya ɗan yi ɗumi, tambayar nan ta barandar Indiya kan dawo wa Zipora sabuwa, kuma ta san babu likitan da zai taɓa amsa mata ita.

Da aka shiga bazara, zafi ya sa tabon Batho ƙaiƙayi. Wata ranar Asabar ya dawo daga duba gona, ya zauna a inuwar baranda ya cire riga, yana ƙoƙarin shafa man kaɗe, hannunsa duk ƙasa. Zipora na wanki a gefe. Ya daɗe yana fama, sannan ya tura mata gwangwanin man da ƙafa.

"Zo ki shafa min. Hannuna da datti."

Ta ɗauraye hannu ta zo ta durƙusa. Tabon dogo ne, ya sauko daga ƙasan ƙirji ya karkata dama, ya yi tudu, ya fi sauran fatar duhu. Ta lakato man ta fara shafawa, fuskarta a gefe.

"Ki duba inda kike shafawa mana," ya ce. "Kina sa min a cibiya."

Ta juyo ta duba. Ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, a hankali, hawaye na zuba a kan zaninta, shi kuma bai ce ta daina ba, bai kuma ce komai ya wuce ba. Peculiar ta fito daga ɗaki da tafiyarta ta 'yan koyo, riƙe da takalmin kakarta, ta zo ta tsoma hannu a gwangwanin gaba ɗaya. Batho ya ce a kama ta kafin ta kai baki, Zipora ta miƙe da sauri ta ɗauke ta, ta nufi wurin ruwa da ita.